Hancin Rumbu

Mu uku ne a shagon nan na Domayo:
ni, da Tanimu mai narka dalma, da Asta mai riƙe littafi.
Fanka ɗaya, kujera biyu,
wanda ya makara ya zauna kan bokitin fenti.

Albasar Meskin ce ta sa mu aikin.
Kawu Bakari ya jibge buhu tamanin yana jiran tsada,
ɗaya ta ruɓe a tsakiya, ba ta gaya wa kowa ba,
ta shafa wa maƙwabta,
warin ya riga shi isa kasuwa.

Muka ce bari mu yi wa rumbu hanci.
Shekara huɗu muna ƙona yatsu:
cikin tsohuwar waya, gwangwanin madara,
jijiyar da muka zare wa mataccen rediyo.
Daren da ya fara numfashi,
ƙarfe biyu, wayar Kawu ta yi kuka:
“Kusurwar gabas, buhun ƙasa. Tashi.”
Ya tashi ya tarar.
Da asuba ya zo da rago a bayan babur.

Sai ga gayyata daga Duwala,
wai gasar masu ƙirƙira,
daga kamfanin da tambarinsa ke cikin aljihun kowa.
Mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa har safiya.
Ɗaki mai sanyi kamar cikin randa,
mutum mai taushin tafin hannu ya ce,
“Ku buɗe mana cikinsa mu sha mamaki.”
Muka buɗe.
Wa aka taɓa yaba wa ɗansa ya ɓoye shi?

Takarda shafi arba’in, Faransanci ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.
Asta ta kai shafi na tara aka ce masu hoto na jira.
Muka sa hannu.
Aka ba mu hula, da riga,
da cakin kwali wanda ya fi ƙofar shagonmu faɗi,
kuɗin cikinsa ko hayar shekara bai biya ba.

Damina biyu, shiru.
Rannan ga shi a kanti, fari sol, sumul,
da suna irin na maganin tari,
jaka sittin, ban da kuɗin wata-wata.
Tanimu ya ci bashi ya saya,
ya kwance shi a kan tabarma, mu uku muka duƙa.
Akwai wata hanya da muka karkata a namu,
don kauce wa hujin ƙusa a gindin gwangwani.
Nasu ba gwangwani, ba ƙusa,
amma ga karkatar nan, kwance abinta.
Har tuntuɓenmu suka kwashe.

Lauya a Garwa ya lashi yatsa ya buɗe shafi na talatin da ɗaya,
ya karanta, ya cire tabarau,
ya ce shawara jaka goma ce, amma mu bar shi.
Bayan wata uku wasiƙarsu ta iso Marwa:
mu daina ƙera abin da ba namu ba.
An ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi,
ba a gaya mana gardin kan kai kura ƙara ba.

Yanzu Tanimu na ɗaukar fasinja a bakin Mayo Kaliyawo.
Asta na ƙirga ƙwayoyi a kantin magani,
ba ta sa hannu ko a rasit sai ta karanta bayansa.
Masu farin akwati, in wata ya mutu ba su biya ba,
hancin ya toshe, albasa ta yi ta ruɓa a gabansa.
Na Kawu, mai tsatsa, bai san ƙarshen wata ba,
jiya ma ya tashe shi.

Ni ina nan, kujera ta yi mini yawa.
In an kawo wuta nakan kunna dalma.
Kada ka tambaye ni me nake haɗawa.
Cakin kwalin nan da shi na toshe taga,
yana tare rana sosai.